Darasi na 7: Cika Alkawari a Sana'a

Idan azumi ya raba tsakiya, shagon tela ba ya rufuwa da wuri. Shadda da atamfa da leshi sun cika benci, kowanne a ƙulle cikin leda. Duk wanda ya shigo tambayarsa ɗaya ce: "Yaushe zan dawo?" Tela kuma ya ce, "Kafin Sallah, in sha Allahu." Ranar jajiberi sai ka tarar da mutane zaune a ƙofar shago, ran kowa a ɓace, yadin wani ko almakashi bai gani ba. Wani yaro zai je Idi da tsohuwar riga, alhali mahaifinsa ya biya kafin alƙalami tun farkon wata.

Yawancin teloli ba macuta ba ne. Kunya ce ke kayar da su. Maƙwabci ya kawo ɗinki, surukin yaya ya kawo, bakin ya yi nauyin cewa "aiki ya yi mini yawa". Ga kuma kuɗin da aka miƙo, a lokacin da gida ke buƙatar cefane. Haka kafinta yake faɗawa, haka mai gyaran babur, haka mai yin ƙuli-ƙuli a cikin gida. Alkawari kaya ne, kuma mai hankali yakan jinjina kaya kafin ya ɗora a ka.

To, mu jinjina da lissafi. A ce tela yana gama riga da wando na mutum 2 a yini, saura kwana 15 Sallah. Wannan ya ba shi mutum 30. Amma za a ɗauke wuta, keke zai iya tsayawa, wata rana za a yi rasuwa a unguwa a tafi jana'iza. Ya cire kwana 3 saboda irin waɗannan. Saura kwana 12, wato mutum 24. Idan na 25 ya shigo, sai ya ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, hannuna ya cika. In ka bar shi, sai bayan Sallah da mako ɗaya." Mai yiwuwa ya ɗauki yadinsa ya tafi wani wuri, kuma hakan da ciwo. Amma ya tafi da sanin cewa maganar wannan tela ɗaya ce, kuma irinsa ake nema idan ɗinkin biki ya taso.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, Kasuwar Kurmi take ci. Fatake sukan ɗauki kanwa da tufafi da kayan fata su nufi Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, su yi watanni a hanya kafin su dawo da goro. Babu banki, babu waya. Wanda ya ba falke dukiyarsa, amana kawai ya riƙe. Har yau a Kantin Kwari akwai ƙananan 'yan kasuwa da ke karɓar kaya a sayar a kawo kuɗi. Wanda ya kawo a ranar da ya ɗiba, a ƙara masa kaya. Wanda ya fara kashe waya, labarinsa kan zaga layi kafin shi ya iso.

Abu na biyu shi ne rubutu, kuma a nan ne karatun da muke yi zai biya mu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi idan an ƙulla shi zuwa wani lokaci sananne. Ka sayi ƙaramin littafi. Duk aikin da ka karɓa, ka rubuta sunan mai shi, da kuɗin da aka yi ciniki, da abin da ya bayar, da ranar karɓa. Ranar kuma ta zama mai suna, kamar Laraba 12 ga wata. "Jibi" da "kwanan nan" da "ka ɗan leƙo" su ne ke haifar da gardama.

Wani lokaci ka yi lissafi, ka rubuta, sai rashin lafiya ko wata larura ta gitta. Kada ka jira mai kaya ya biya kuɗin mota ya zo ya tarar da shago a kulle. Ka kira shi tun ana saura kwana biyu: "Hajiya, ɗinkinki ba zai samu ranar Laraba ba, yarona ne a asibiti. Ki ba ni zuwa Asabar, ko in aiko miki da yadinki da kuɗinki." Za ta ji ba daɗi, amma ka bar mata zaɓi a hannu. Wanda ya sa yaron shago ya ce "ba ya nan", yana laɓe bayan labule, ya yi asara biyu: ya rasa mai kaya, ya kuma koya wa yaronsa ƙarya.

Yaran shago ma suna da alkawari a wuyan maigida. In ka ce za ka sallame su ranar Alhamis, ka sallame su ranar Alhamis, ko da ciniki bai yi auki ba. Yaron da ake ja wa rai a kan haƙƙinsa ba zai damu da ranar da aka ɗibar wa mai kaya ba.

Aikin yi: ka buɗe shafi a littafinka ka ja layi huɗu, na suna, na kuɗi, na kafin alƙalami, na ranar karɓa. Ka rubuta duk aikin da ke hannunka yanzu, ka sa alama a gaban wanda ranarsa ta wuce. Sannan ka lissafa wannan: mai ƙuli-ƙuli tana sarrafa kwano 4 na gyaɗa a yini, saura kwana 6 biki, za ta ware kwana 1 saboda larura. Kwano nawa ya kamata ta karɓa? Ka zo da littafin aji na gaba.