Kurakuran da ake yi wajen ɗora manhajar kyauta

Manhajar talla ita ce wadda take cika allo da tallace-tallace, ta sauya shafin farko na burauza (manhajar buɗe shafukan intanet), ta karkatar da binciken mutum zuwa inda mai ita zai samu kuɗi. Ta leƙen asiri kuwa a ɓoye take tattara shafukan da aka ziyarta da wurin da mutum yake, wani lokaci har da abin da ya rubuta, ta aika wa wani. Da yawa daga cikinsu a rakiyar manhajar kyauta suke shigowa, kuma abin da ya fi damuna shi ne mai na'urar ne da kansa yake ba su izini.

Babban kuskure shi ne gaggawar danna "Next" har a kai ƙarshe ba tare da an karanta komai ba. A tsakiyar waɗannan shafuka ake cusa wani ɗan akwati da aka riga aka sa masa alamar amincewa, da ƙananan haruffa a gefensa masu cewa za a ƙara wata manhaja ko a sauya injin bincike. An ɗauki shekaru ana raba Java, manhajar da wasu manhajoji suke buƙata kafin su yi aiki, tare da Ask Toolbar, wani layin bincike da yake maƙalewa a saman burauza, ta wannan hanya, mutane da yawa suka wayi gari da shi a burauzarsu ba su san lokacin da suka yarda ba. Gyaran shi ne a zaɓi "Custom" ko "Advanced" maimakon ɗorawar gaggawa, a bi shafi bayan shafi ana cire alamar duk abin da ba shi aka zo nema ba. Wasu suna tsoron danna "Decline" don kada aikin ya tsaya, alhali galibi rarar kawai ake ƙi, manhajar da ake so kuma ta ci gaba da shiga.

Sai inda ake sauke manhajar. Babban maɓalli kore da yake tsakiyar shafi sau da yawa talla ne, haka ma wasu sakamakon da suke zuwa a saman bincike. Ko sanannen rumbun manhajoji ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari, domin a 2015 rumbun SourceForge ya riƙa raba GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta, naɗe da tallan wasu manhajoji ba da yardar masu ita ba. A nufi shafin waɗanda suka ƙirƙiri manhajar kai tsaye. Manhajar kuɗi da aka fasa makullinta kuwa, musamman wadda take cewa a kashe riga-kafin kwamfuta kafin a ɗora ta, maganinta a bar ta.

A waya, sakacin yana wajen ba da izini. A 2013 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta ɗauki mataki kan masu Brightest Flashlight Free, manhajar tocila da take miƙa wa 'yan talla wurin da mai wayar yake. Tocila ba ta da hulɗa da wurin zama ko lambobin abokai, saboda haka duk izinin da bai dace da aikin manhaja ba a hana, a kuma shiga saiti a janye waɗanda aka bayar a baya.

Ba kowane laifi ne na mai na'ura ba. A 2015 aka gano kamfanin Lenovo ya sayar da wasu kwamfutoci ɗauke da Superfish tun daga masana'anta, manhajar tallan da ta raunana tsaron shafukan da ake shigar da bayanan sirri, kuma babu abin da mai saye ya danna. Amma wannan ba hujjar naɗe hannu ba ce ga wanda ya ga alamun matsala, kamar nauyin kwamfuta da tallan da suke faɗowa barkatai. Rufe tallan ɗaya bayan ɗaya ba ya kawar da tushensa. Ya kamata a buɗe jerin manhajojin da aka ɗora, a tsara su bisa kwanan wata, a cire baƙin da suka shigo rana ɗaya da ta kyautar, a duba ƙananan manhajojin da aka ƙara wa burauza (extensions), sannan a tace na'urar da manhajar tsaro kamar Microsoft Defender ko AdwCleaner. Idan ana zargin leƙen asiri, a sauya kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsafta, domin wadda aka rubuta a kan mai cutar tana iya isa hannun wanda ya saci ta farko.