Yadda ake aikin kocin bugu a ƙungiyar besbol ta jami'a a Amurka

A wasan besbol, ɗan wasan da ke samun bugu mai kyau sau 3 cikin 10 ana ƙirga shi cikin gwanaye. Sauran 7 ɗin benci yake komawa hannu rabbana. Kocin bugu shi ne mataimakin babban koci da aka ɗora wa alhakin masu riƙe gora, wato sandar da ake bugun ƙwallo da ita. Mai jifa yana kan tudu, yana jefo ƙwallo zuwa farantin da mai bugu ke tsaye a gefensa. Saman farantin akwai wata taga da ido ba ya gani, faɗinta inci 17, tsayinta daga ƙasan gwiwa zuwa wajen ƙirji. Jifa uku ta cikin taga ba tare da bugu ba, ko lilon gora uku a iska, mai bugu ya fita. Jifa huɗu a waje, ya tafi tashar farko kyauta, wato ta farko cikin tashoshi uku da zai zagaya kafin ya dawo gida, wato faranti, ya ci maki.

Mataki na 1: Samun ƙofar shiga

Jami'o'i suna neman digirin farko, kuma yawancin kocin bugu sun taɓa buga wasan a kwaleji. Hanyar da aka saba bi ita ce a fara a makarantar sakandare, ko kwalejin shekara biyu da ke ƙarƙashin hukumar wasanninsu, NJCAA, ko ƙaramar jami'a a rukuni na biyu ko na uku na NCAA, babbar hukumar wasannin jami'o'i, ko NAIA, hukumar ƙananan jami'o'i. Wasu suna shiga a matsayin ɗalibin digiri na biyu mai taimaka wa koci. A watannin Yuni da Yuli akwai gasannin ɗalibai irin na Cape Cod da Northwoods, inda ake bugu da gorar katako. Nan ne matashin koci ke samun 'yan wasa daga jami'o'i daban-daban a hannunsa, labarin aikinsa kuma ya bazu. Ƙungiyar kocin besbol ta Amurka, ABCA, tana babban taro kowane Janairu, can ake haɗuwa da masu ɗaukar aiki.

Albashin farkon hanya kaɗan ne. Shekaru da yawa mataimaki na uku a rukuni na ɗaya ɗan sa-kai ne, da kuɗin sansanin horar da yara yake rufa wa kansa asiri. Sai a 2023 NCAA ta ba da damar a biya shi albashi.

Mataki na 2: Sanin lissafin lokaci

Wanda bai riƙe wannan lissafi ba, duk gyaran da zai yi shirme ne. Daga tudu zuwa faranti ƙafa 60 ne da inci 6, wato mita 18.44, amma mai jifa yana miƙa jiki gaba kafin ya saki, don haka ƙwallon tana cin kusan mita 16.5 ne kawai. Jifa mai gudun mil 90 a awa, kusan kilomita 145, tana isowa cikin kusan daƙiƙa 0.4. Lilon gora kansa yana cin kusan 0.15. Abin da ya rage a ciki ne ido zai ga ƙwallon, ya gane irin jifar, ya yanke shawarar bugu ko bari. Saboda haka yawancin abin da ake gani kamar lalacewar lilo, makara ce ko gaggawa. Ɗan wasan da ya makara dole hannunsa ya yi sauri ya bar jiki a baya, sai a ɗora wa hannu laifin da ba nasa ba.

Mataki na 3: Awo kafin gyara

Idan ɗalibai sun dawo a ƙarshen Agusta, ka ba kowa mako biyu ko uku yana bugu yadda ya saba, kai kana kallo kana rubutawa. Ɗauki bidiyo ta ɓangare biyu, daga gefen ƙirjinsa da kuma daga wajen mai jifa. Wayar da ke ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa ta wadatar. Ka tara lilo 25 zuwa 30 na kowane mutum a kan jifa mai gudun gaske, domin lilon kan turke, wato sandar da ake ɗora ƙwallo a kanta a buga, yana ɓoye aibi.

Na'urori irin su TrackMan, Rapsodo da HitTrax suna auna gudun ƙwallo bayan ta bar gora da kusurwar tashinta. Blast Motion kuwa a gindin gora ake maƙala ta, tana auna gudun gorar da hanyar da ta bi. Gudun gorar ɗan jami'a galibi yana tsakanin mil 65 da 75 a awa. Ƙwallon da ta tashi ƙasa da digiri 10 birgima take a ƙasa, tsakanin 10 da 25 ita ce miƙaƙƙiyar da ta fi kuɓuce wa masu tsaro, sama da 50 kuwa kyauta ce ga mai cafewa. Kada ka ruɗu da bugu ɗaya mafi ƙarfi. Matsakaicin ƙarfin da yawan miƙaƙƙu su ne abin dubawa.

Ka haɗa kai da kocin ƙarfin jiki ya duba ƙugu da tsakiyar baya. Wanda ƙugunsa ba ya juyawa sosai, ko ka shekara kana masa magana ba zai yi abin da jikinsa ya hana ba. A kuma gwada idon kowa.

Mataki na 4: Gyaran lilo

Ƙarfin bugu daga ƙasa yake tasowa. Mai bugu yana tara nauyi a cikin ƙugun baya, ya taka gaba, ƙafar gaba ta sauka, ƙugu ya fara juyawa, ƙirji ya biyo, hannuwa su biyo, kan gora ya zo a ƙarshe. Tsayuwa da inda aka riƙe hannu kafin jifa, ka ƙyale kowa da nasa. Abin da za ka matsa a kai shi ne yanayin jiki a lokacin da ƙafar gaba ta taɓa ƙasa: kai a tsakiyar ƙafafu, hannuwa a baya kusa da kafaɗar baya, kafaɗar gaba ba ta buɗe ba.

Ƙwallo daga tudu gangarowa take yi, ko da mai gudu ce. Don haka gorar da ke ɗan hawa sama, kamar digiri 5 zuwa 15, ita ce ke daɗewa a kan hanyar ƙwallon, kuma ita ke yafe ƙaramin kuskuren lokaci. Saran ƙasa irin na mai faskare wuri ɗaya tak yake haɗuwa da ƙwallo. Amma wanda ya wuce gona da iri wajen ɗaga gora, jifa mai gudu a saman taga za ta riƙa wuce shi.

Aibin da aka fi gani shi ne zubewa gaba. Nauyi yana komawa ƙafar gaba tun ƙwallon ba ta iso ba, sai jifa mai sanyin gudu ta same shi babu sauran ƙarfi. Dalili yawanci tsoron makara ne. Maganinsa a sa shi ya fara shiri da wuri amma a hankali, tun mai jifa yana raba hannuwa, sannan a cakuɗa masa jifa mai sauri da mai sanyi ba tare da sanarwa ba. Na biyu, buɗe kafaɗar gaba da wuri, wanda ke sa jifar gefen waje, wato gefen taga da ke nesa da shi, ta gagare shi, ƙwallo ta riƙa birgima zuwa ɓangaren filin da ke gefen da yake tsaye. A dasa turke a gefen waje, a ɗan ja shi baya, a ce ya aika ƙwallon ɗaya ɓangaren filin. Na uku, hannuwa su yi nesa da jiki tun farkon lilo, gora ta yi dogon zagaye, jifar ciki ta same shi a kusa da mariƙi. A tsayar da shi kusa da raga, tazarar tsawon gora ɗaya daga cibiyarsa, ya yi lilo ba tare da kan gorar ya taɓa ragar ba.

Wurin dasa turke yana da muhimmanci. Jifar ciki a gaban ƙafar gaba ake tarar ta, ta tsakiya daidai ƙafar, ta waje kuma sai ta shigo ciki. Yaron da ke dasa turke a tsakiya daidai ɗamara kullum, jifar da mai jifa ba zai taɓa ba shi da gangan ba yake koyo.

Abu ɗaya ake gyarawa a lokaci ɗaya. Kuma ka fi yawan faɗa masa inda ƙwallo za ta je, kamar "haye kan mai tsaron tasha ta biyu", maimakon lissafa masa gwiwar hannu da diddige. Babban sauyi daga Satumba zuwa Janairu ake yin sa. Da zarar an shiga gasa, sai ƙananan gyare-gyare.

Mataki na 5: Tsara atisayen rana

Dokar NCAA ta taƙaita lokaci: awa 20 a mako lokacin gasa, kada a wuce 4 a rana, da hutun kwana ɗaya, a wajen lokacin gasa kuwa awa 8. Don haka babu lokacin ɓatawa. A fara da lilo 10 zuwa 15 a kan turke don jiki ya ɗumama. A koma jifar ƙasa-ƙasa daga bayan raga, tazarar mita 4 ko 5, lilo 15 zuwa 20. Sannan a shiga keji ko fili rukuni-rukuni, mutum huɗu, kowa lilo 5 zuwa 6 a zagaye, zagaye huɗu ko biyar, kowane zagaye da manufarsa: aika ƙwallo ɗaya ɓangaren, kawo mai gudu gida daga tasha ta uku, bugu bayan an ci shi jifa biyu cikin ukun da ke fitar da shi. Lilo 20 a jere gajiya kawai yake koyarwa.

Jifar koci mai laushi tana da daɗi, tana gina ƙarfin gwiwa, amma ita kaɗai yaudara ce. Aƙalla kwana biyu ko uku a mako a kunna injin jifa a gudun gasa, har da mai lanƙwasa da mai zamewa. Inda injin ba ya kaiwa, a rage tazara: mil 60 daga mita 11 lokacinta ɗaya da mil 90 daga mita 16.5. Ka gaya wa 'yan wasa tun farko cewa za su sha kuskure a wannan zagaye, don kada su karaya.

Gorar jami'a ta ƙarfe ce ko haɗin roba da zare, kuma tun 2011 dole ta cika ma'aunin BBCOR, wanda ya rage tsallen ƙwallo daga jikinta. Nauyinta a oza ba zai gaza tsawonta a inci da fiye da 3 ba, wato gora mai inci 33 tana da oza 30. Don ƙara gudun lilo ana amfani da mai nauyi da marar nauyi da kusan kashi 20 cikin 100, oza 36 da 24, sau biyu ko uku a mako, kafin gasa ta fara.

Mataki na 6: Koyar da zaɓen jifa

Nan ne ake cin wasa. Ka riƙa ƙirga sau nawa kowa ya bi jifar wajen taga, da sau nawa ya bar ta tsakiya ta wuce. Idan mai jifa ya yi biyu a waje babu ko ɗaya a ciki, mai bugu ya ƙuntata tagarsa, ya jira jifa mai gudu a wurin da ya fi so. Idan an ci shi biyu, ya faɗaɗa, ya ɗan jinkirta wurin haɗuwa, ya kare kansa. A tsayar da masu bugu a gefen faranti lokacin da masu jifan ƙungiya ke atisaye, babu lilo, su riƙa faɗin "e" ko "a'a" kafin ƙwallo ta iso.

Ka ajiye takardar zagaye mai inganci, wato ƙirgen kowace tsayuwa da mai bugu ya yi a faranti, inda bugu mai ƙarfi ko da an cafe shi, tafiya kyauta, ciyar da mai gudu gaba, da tilasta wa mai jifa jifa takwas duk suke da maki. Tana hana yaro auna kansa da sa'a.

Mataki na 7: Makon gasa

Rukuni na ɗaya yana farawa tsakiyar Fabrairu, wasa har 56 kafin gasar ƙarshe, inda ƙungiyoyi 64 ke neman gurbi 8 na zuwa Omaha a jihar Nebraska, mai karɓar gasar tun 1950. Ana karawa da abokin hamayya ɗaya Juma'a, Asabar da Lahadi, da wasa ɗaya a tsakiyar mako. Gwanin masu jifa yawanci ranar Juma'a yake fitowa. Ka kalli bidiyonsa, ka fitar da abin da yake fara jefawa, abin da yake kashewa da shi, da yadda yake yi wa bahago da badama. Duk abin da ka tara, abu biyu ko uku za ka kai wa 'yan wasa. Ranar Alhamis a saita inji ya kwaikwayi jifarsa.

Idan wani ya shiga fari, zagaye 15 ko 20 babu bugu, ka bi wannan jeri. Duba ko ƙwallon tana fita da ƙarfi tana faɗawa hannun masu tsaro ne. In haka ne, kada ka taɓa komai. Sannan zaɓen jifa, sannan lokaci, sannan barci, ciwo da jarrabawa. Lilo shi ne na ƙarshe, ta hanyar jera bidiyon yanzu da na lokacin da yake ci.

Mataki na 8: Neman sababbin 'yan wasa

Rabin aikin a kan hanya ake yin sa, a gasannin baje kolin 'yan sakandare irin na Perfect Game. Tun 2023, a rukuni na ɗaya, ba a tuntuɓar ɗalibi kafin 1 ga Agusta na shekararsa ta biyun ƙarshe a sakandare. Ka kalli yadda yake yi da jifa mai gudu sosai da mai lanƙwasa, ba atisayen nuna ƙarfi ba, ka kuma lura da yadda yake komawa benci bayan ya fita. Gudun gora da ido mai gane jifa sun fi wuyar koyarwa, su ake saye. Tsayuwa da taku ana gyara su a Oktoba. Kowane Yuli ƙungiyoyin ƙwararru suna zaɓen 'yan wasa zagaye 20, ɗan jami'a yana cancanta bayan shekara ta uku ko idan ya cika 21, wasu kuma suna sauya makaranta ta rajistar sauyi da aka buɗe a 2018. Don haka tun a Mayu ka rubuta sunan wanda zai gaji kowane gurbi cikin tara na jerin masu bugu, da bahago nawa da badama nawa za su rage maka.