Kafin ka amsa ofar TA a Amurka, zauna ka yi lissafi

Wajen Fabrairu zuwa Maris ne 'yan'uwanmu masu neman digiri na biyu ko na uku a Amurka suke fara samun amsa, mutum yana ganin daloli a takarda sai ya buga su da naira, shi ke nan murna ta hana shi karanta sauran. Don Allah ɗan'uwa dakata tukuna. Kuɗin nan na aikin TA, wato ɗalibi mai taimaka wa malami koyarwa, ladan guminka ne, aji za ka riƙe, ka tsaya a lab, ka kwana kana makin takardun ɗalibai alhali naka binciken yana can yana jira.

Fara da tambayar wata nawa za a biya ka. Da yawa na wata tara ne, to hutun Yuni zuwa Agusta fa? Mai gida dai ba ruwansa da hutu, hayarsa zai karɓa. Tura wa sashen da ya ɗauke ka imel su amsa maka a rubuce. Sannan ko an ce an yafe kuɗin makaranta, tambayi sauran kuɗaɗen da ake biya duk semesta, da inshorar lafiya, kai kaɗai ta ɗauka ko har da iyali, ga kuma haraji da za a yanka. Abin da ya rage ka raba shi gida 12 ka gwada da kuɗin hayar garin.

Kar ka ce za ka yi buga-buga ka cike giɓin. Bizar ɗalibai ta F-1 awa 20 kawai ta ba ka a mako lokacin karatu, a cikin makaranta, kuma yawanci aikin TA ɗin ya cinye su, matarka ma in ta biyo ka da F-2, bizar iyalin ɗalibi, ba ta da izinin aiki. Wannan wallahi shi ya fi damuna, don mutum sai ya isa yake ganewa.

Yawancin jami'o'in sun yarda a ba ka har 15 ga Afrilu kafin ka amsa, yi amfani da lokacin ka nemi ɗaliban sashen ka tambaye su ko kuɗin yana kai su ƙarshen wata. In kana da wata ofar da ta fi, gaya wa sashen cikin ladabi.

In ka fara aiki, riƙa rubuta awanninka kullum, in sun wuce na yarjejeniya ka kai wa malamin kwas da hujja a hannu. Ka kuma bincika ko akwai ƙungiyar ƙwadago ta ɗalibai. A 2016 hukumar ƙwadago ta Amurka ta yanke, a shari'ar Jami'ar Columbia, cewa irin waɗannan ɗalibai a jami'o'i masu zaman kansu ma'aikata ne. A ƙarshen 2022 kuma wajen mutum 48,000 suka yi yajin aiki na kusan mako shida a Jami'ar Kalifoniya, aka ƙare da ɗaga mafi ƙarancin albashin TA na wata tara daga wajen dala 23,000 zuwa 34,000 a 2024.