Yadda ake kwatanta wa ƴan kwana-kwana gidan da gobara ta kama

Da motar ƴan kwana-kwana ta tsaya, abin da shugabansu yake fara yi shi ne ya ƙare wa ginin kallo, ya sanar ta rediyo: hawa nawa ne, da me aka gina shi, ta ina hayaƙi yake fita. Kai da ka buga 18, lambar ƴan kwana-kwana a Nijar, kana iya ba su wannan bayani tun suna hanya, maimakon "wuta ce, ku zo!" da yawancinmu muke yi.

Fara da unguwa da wata alama da kowa ya sani, masallaci ko famfo. Idan cikin Birni ne ko Zango, tsoffin unguwannin Damagaram, faɗi gaskiya in lungun ba ya cin mota, don su san inda za su tsaya su ja tiyo.

Sai tsayin ginin. Su a bakinsu gida mai bene ɗaya R+1 ne, mai biyu R+2. Kai dai ka ce "ƙasa da bene ɗaya", ka faɗi hawan da wutar take ci.

Na uku shi ne rufi, kuma nan ne ake yawan kuskure. Mutane suna ganin gidan ƙasa ba ya ƙonewa. Bangon kam ba ya ci, amma azarar da ke ɗauke da rufin tana ci a hankali a ƙarƙashin laka, ba harshen wuta, sai hayaƙi siriri daga bakin indararo ko tsagar bango. Ga nauyin ƙasa, ga ruwan da aka watsa ya jiƙa ta, sai rufin ya rufto ba sallama. Saboda haka ka ce musu "soro ne na azara". Idan bulo ne da kwano, faɗi ko akwai silin, domin wuta tana bin katakon da ke tsakaninsa da kwanon ta tsallaka ɗaki na gaba, na ciki bai sani ba. Rufin kankare ya fi juriya, sai dai yana tare zafi da hayaƙi kamar tanda. Rumfar zana kuwa, in da iskar hunturu, ka ambaci gidan da ke maƙwabtaka da ita ta inda iskar ta nufa.

Daga nan ka faɗi abin da ke ciki: tukunyar gas, jarkokin fetur, ko buhunan harawa. Kada kunya ko tsoro ya sa ka ɓoye fetur. Ruwa yaɗa shi yake yi. Ka ce ko an yanke kuran, wato wutar lantarki.

Abin da ya fi duka: mutum nawa ne a ciki, a wane ɗaki, kuma ko tagar tana da ƙarfe. Kada ka kashe waya sai sun gama tambaya, sannan ka tura wani babba bakin titi ya tare motar ya shigo da ita.