Huda zane a jikin abu mai lanƙwasa: kurakuran da masu CAD suka fi yi

Yanzu da yankan leza ya fara yawa a Kano kowa so yake ya huda dagin arewa ko ƴan furanni a jikin kaskon turaren wuta ko murfin fitila, kuma kusan kullum waje ɗaya ake samun matsala. Mutum zai zana abinsa a shimfiɗe a CAD, wato manhajar zanen kayan ƙira a kwamfuta, ya yi kyau, sai kawai ya danna Extrude, wato umarnin da ke tura zane gaba, ya yanke ta cikin jikin abin, a ce bututu ne. To ai ita Extrude a miƙe take tafiya, ba ruwanta da lanƙwasa, ramin tsakiya zai fito ras amma duk wanda ya matsa gefe sai ya ja tsawo, bakinsa ya karkace ya yi kaifi. Naɗe zanen ake yi a jikin abin. Kowace manhaja da sunan da take kiran umarnin: a SolidWorks ka nemi Wrap ka zaɓi Deboss, a Fusion 360 akwai Emboss, masu Rhino kuma FlowAlongSrf.

Sai lissafin zagaye, nan fa ake shan wahala wallahi. Bututu mai faɗin milimita 100 zagayensa 314.16 ne, in fure ɗaya ya ci milimita 20 kaga 15 ne za su shiga da ɗan guntu, a mahaɗa sai ka ga rabin fure ya hau kan ɗan'uwansa. Ka fara yanke shawarar guda nawa kake so, a ce 16, ka raba zagayen, kowanne ya samu 19.63 shikenan. In kuma fallen ƙarfe za a yanka a shimfiɗe sannan a naɗe a inji, kar ka yi lissafi da faɗin waje, tsakiyar kaurin ake bi. Falle mai kaurin milimita 2, ka cire 2 daga 100 ɗin nan, da 98 za ka yi aiki, zagayen wajen 307.9 kenan, in ba haka ba mai walda zai ga baki ya zarce ya datse maka zane da giranda, kuma ba laifinsa ba ne. Ƙarfen ma ka auna kaurinsa da kanka in ka siyo a Ƙofar Ruwa, kar ka tsaya a abin da aka ce maka.

Abu mai siffar ƙwallo ko kubba shi daban ne, ba ya warwaruwa ya kwanta kamar bututu ko mazurari. Gwada liƙa takarda a bayan ƙwarya ka ga yadda take tattarewa. Dole zanen ya matse ta sama, don haka ka rage girman ramuka kana hawa, ko a Rhino ka yi amfani da Squish, umarnin da ke baje irin wannan siffa a shimfiɗe, ka ga inda ya ja.

In yankan ya ƙi yi gaba ɗaya, yawanci abin yankan ne ya tsaya cif a kan fatar bututun, ka ƙara masa ko rabin milimita ya zarce ciki da waje. Kuma rami ɗaya za ka yanka ka maimaita shi a zagaye da umarnin Circular Pattern, ba ka zuba ɗaruruwa a zane ɗaya kwamfuta ta sandare ba, ga wuta ba tabbas.

Dagi kuwa a kula, layukansa saƙe suke, in ka yanke su duka ƴan tsakiyar faɗowa za su yi a kan tebur ɗin leza. Ka bar ƴan gadoji da za su riƙe su, faɗin kowacce kar ya gaza kaurin fallen.