Yadda Ake Koyar da Adon Harshe da Wasan Cike Gidaje

Duk malamin Hausa da ya taɓa riƙe ajin SS 2 ya san wannan ciwon kai. Ka rubuta kamantawa, siffantawa, jinsintarwa, alamtarwa da kambamawa a allo, yara su kwafe tsaf, su rera maka su kamar karatun allo. Ran jarrabawa ka ba su ɗango guda, wato layin waƙa, ka ce su faɗi adon da ke ciki, sai ido ya raina fata. Sunayen sun hardace, ma'anar ce ba ta zauna ba. Ba laifinsu kaɗai ba ne kuwa, domin kalmomin nan 'yan gida ɗaya ne, kowace da "wa" a gindinta.

Abin da ya fi yi mini magani a ajina, a wata sakandare da ke Tudun Wadar Kaduna, shi ne wasan cike gidaje: zanen gidan dara da ake cikawa da haruffa, wasu kalmomi a kwance, wasu a tsaye, suna ratsa juna. Wani ɗan jarida haifaffen Ingila, Arthur Wynne, ya fara buga irinsa a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913, don nishaɗin masu karatu. Mu kuwa muna da kakansa a gida, wato kacici-kacici. Bambancin kawai, a nan amsar tana da adadin gidaje, kuma dole ta yi zaman lafiya da maƙwabciyarta.

Mataki na farko: zaɓi kalmomi

Kalma bakwai zuwa goma sun isa darasi ɗaya. Ka cakuɗa dogaye irin su kambamawa da siffantawa da gajeru irin su jigo, salo, kari, baiti, zambo. Dogayen ne ginshiƙi, gajerun ne ke rataya a jikinsu.

Ka tsaya kan sunan da ke cikin littafin da ajin ke karantawa. Wani littafin kamance yake cewa, wani kamantawa. Wani ƙafiya, wani amsa-amo. Yawancinmu da tsarin Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Gadon Feɗe Waƙa aka rene mu, amma yaron da zai zauna WAEC ko NECO abin da ke hannunsa ya sani. In ka zana gidaje tara shi kuma kalmarsa bakwai ce, ka ɓata masa wasa tun daga farko.

Mataki na biyu: yanke hukunci kan haruffa

Nan ne wanda ya kwaikwayi wasan daga jaridar Turanci yake tuntuɓe, saboda haka zan ɗan daɗe.

Na farko, baƙaƙe masu ƙugiya. K daban, ƙ daban. Ƙafiya ba za ta ratsa kari a kan harafin farko ba, kamar yadda ɗango ba zai ratsa dabbantarwa a kan d ba. A Kaduna wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ajinmu ya tara 'ya'yan kowace ƙabila, ga kuma Hausar waya da ta koya wa yara har da Hausawan zubar da ƙugiya. In ka yi sakaci sau ɗaya ka haɗa k da ƙ a gida guda, ka sa hannu a kan kuskuren da za ka shekara kana gyarawa da jar biro.

Na biyu, baƙaƙe masu goyo, irin su sh, ts, kw, gy. A nahawu sauti guda ne kowannensu. To, gida ɗaya za a ba su ko biyu? Malamai sun rabu. Ni biyu nake ba su, watau amshi gida biyar, don ya fi sauƙin ratsawa kuma yaro ba ya cusa haruffa biyu a ɗan ƙaramin gida. Wanda ya zaɓi ɗayar hanyar bai yi laifi ba, sai dai ya rubuta dokar a saman takarda kuma kada ya sauya ta a tsakiyar zango.

Na uku, karan ɗori da hamza. Amsa-amo a rubuta shi a haɗe, gida bakwai, a sa (4-3) a gaban tambayar don yaro ya san kalma biyu ce. Kalma mai hamza irin ma'auni kuwa, ni kauce mata nake yi.

Mataki na uku: gina zanen

Ka samu littafin lissafi mai gidan dara, da fensir, da abin gogewa. Akwai manhajoji a intanet masu gina wasan da kansu, amma wasunsu ba su san ƙ da ɗ ba, sai ka ga sun bar rami ko sun sa wata alama. Hannu ya fi.

Ga wanda za ka iya zanawa yanzu. Ja fili mai gida 12 a kwance, 9 a tsaye. A layi na bakwai daga hagu, rubuta KAMBAMAWA daga sama zuwa ƙasa. A kan K na farko shimfiɗa KARI. Tsallake layi ɗaya, a kan M na gida na uku shimfiɗa ZAMBO. A kan A na gida na biyar sa SALO. A kan A na gida na bakwai sa HABAICI, ta yadda A ɗinsa na farko ne zai hau ginshiƙin. A kan A na ƙarshe sa ZAYYANA, ta taho daga hagu ta ƙare a kansa. Saura JIGO, wanda ba shi da harafi ko ɗaya cikin kambamawa. Shi sai ka rataye shi a tsaye a kan I na ƙarshen habaici. Gidajen da suka rage ka baƙanta su.

Ka lura da tsallake layin da muke yi. Kalmomi biyu ba sa gogar kafaɗa sai in ratsa juna za su yi, in ba haka ba haruffansu za su haifi wata kalma marar ma'ana. Na so baiti ya shiga wannan zane, na juya shi ta kowace fuska ya ƙi zama. In kalma ta ƙi, a bar ta sai mako mai zuwa.

Akwai tarkon da na ɗana a ciki da gangan. Kamantawa da kambamawa duk harafi tara ne, duk da K-A-M suka fara, duk da A-W-A suka ƙare. Yaron da ya rubuta kamantawa a ginshiƙi zai ga kari ya zauna, zambo ya zauna, habaici da zayyana ma haka, yana ta murna. Sai ya zo kan salo ya tarar da N a inda yake neman A. Ba kai ka ce masa ya yi kuskure ba, takardar ce ta faɗa masa, kuma shi zai koma ya sake karanta tambayar. Alamtarwa da abuntarwa ma tagwaye ne irin wannan, tara-tara.

Sai lambobi. Fara daga sama, hagu zuwa dama, duk gidan da kalma ta fara ka sa masa lamba. A zanenmu 1 na kari ne da kambamawa tare, 2 zambo, 3 salo, 4 jigo, 5 habaici, 6 zayyana.

Mataki na huɗu: rubuta tambayoyi

Wasan gaba ɗaya a nan yake. In ka rubuta ma'anar da ka ba su a allo kalma da kalma, hadda ka sake gwadawa, ba fahimta ba. Ma'ana ta dace da kalmomi irin jigo da salo: "Saƙon da marubuci ke son isarwa (4)", "Hanyar da ya bi ya isar da shi (4)". Amma adon harshe misali yake so, kuma misalin da yaro zai gani da idonsa.

"Ta yi kuka har hawayenta suka cika Kogin Kaduna (9)." Kambamawa ke nan. "Hunturu ya shigo Rigasa yana ƙwanƙwasa ƙofofi (10)": an ba abin da ba mutum ba aikin mutum, mutuntarwa. "Maigidan ya shigo yana gurnani (11)": dabbantarwa. Waɗannan biyun da abuntarwa su ne 'ya'yan jinsintarwa, kuma adadin gidaje ne zai nuna wa yaro uwar ake nema ko ɗiyar, ban da dabbantarwa, domin ita da uwar duk harafi goma sha ɗaya ne. "Yayana bango ne (10)": siffantawa, tun da kai tsaye aka kira shi bango. Da an ce "kamar bango", ko "ya fi bango", ko "bai kai bango ba", da an koma kamantawa, ta daidaito ko fifiko ko kasawa. "Wasu dai sai ranar rabon kyauta ake ganinsu a aji (7)": habaici, ba a kama suna ba amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Kowane misali ado ɗaya zai ɗauka. Na taɓa rubuta "gudu yake kamar walƙiya" ina nufin kambamawa, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai akwai kamar a ciki." Gaskiyarta. Tun ranar nake ba wani abokin aiki takardar ya cika kafin yara su gan ta.

Mataki na biyar: a cikin aji

In darasin minti 40 ne, biyar na bayanin doka, ashirin na cikawa, sauran na muhawara. Raba su biyar-biyar ko shida-shida, takarda ɗaya ga kowane rukuni, fensir kawai. In kuɗin fotokofi ya yi wuya, zana babba a kwali ka liƙa a allo su kwafa, ka karanto tambayoyin da baki. Ka sa mai raunin karatu ya riƙe fensir, in ba haka ba gwanin rukunin zai cike komai cikin minti biyar sauran suna kallon taga.

Wajen gyara, ba a karɓar amsa sai da hujja. Wanda ya ce "mutuntarwa" sai ya nuna kalmar da ta mayar da hunturu mutum. Rukunin da ya kasa kuma sai ya ba da gari, yadda ake yi a kacici-kacici, amma mu unguwa muke bayarwa. Za ka ji ana "mun ba ku Kawo", "a'a, Malali muke so", har a kaɗa ƙararrawa ana ciniki.

Mataki na shida: juya musu aikin

Bayan wasa biyu ko uku, kowane rukuni ya gina nasa da kalma shida, ya miƙa wa wani rukunin. Misalan kuma kada su ɗauko daga littafi. Su tsinto daga bakin kakanninsu, daga rediyo, daga rubutun bayan Keke Napep da manyan motoci, daga cinikin da suka ji a Kasuwar Barci. Wanda ya tsaya neman misalin habaici da kansa ba ya sake rikita shi da zambo.

Wasan ba ya koya wa yaro feɗe waƙa, gane ado da kiran sunansa kawai yake koyarwa. Saboda haka darasin da ke biye, ka kawo baiti uku ko huɗu daga waƙar da ke cikin manhajarsu, su ja layi a ƙarƙashin kowane ado, su faɗi abin da ya ƙara wa jigon. Zanen da yara suka gina kuwa ka tattara ka adana a fayil tare da amsoshinsu a bayan takarda, ka ware masu kyau don bitar 'yan SS 3 kafin jarrabawa.