Yadda na sa Prius ta fara shan batirin lithium da aka sa mata

Prius ce ƙirar 2007, motar Toyota mai aiki da fetur da lantarki. Batirinta na asali na nikel ne mai bolt 201.6, kuma kwamfutar motar tana riƙe cajinsa a wajen kashi 60, tsakanin 40 da 80. Da aka cire shi aka sa na lithium, wato LiFePO4 mai caji daga soket, sai ta ƙi shan wutar: batiri cike taf, inji kuwa na ta ƙona fetur.

Kowace ƙwayar batirin LiFePO4 tana zama kusa da bolt 3.2 har sai ta kusa ƙarewa, don haka lissafin da aka tsara wa nikel ba ya aiki a kanta. Sai na sa sabon BMS, wato na'urar da ke kula da batirin, ya karɓi aikin aika saƙon caji ta layin CAN, hanyar da kwamfutocin motar ke magana da juna. Muddin akwai wuta, yana gaya wa motar kashi 75. Ita kuma, garin ƙoƙarin komawa 60, sai ta dinga jan lantarki. Idan ainihin cajin ya sauka zuwa kashi 20, ya ce mata 60, ta koma tafiyarta ta da.

Birki ne ya fi ba ni aiki. A gangara, batiri na cike, wutar da birki ke mayarwa kan tura ƙwaya ɗaya sama da bolt 3.65, iyakar da ya kamata ta kai. Yanzu da zarar wata ta kai 3.55, BMS yana rage iyakar caji a hankali. Yankewa gaba ɗaya fizga take kawowa, ban so ta ba.

Kafin ka taɓa wayoyin nan masu ruwan lemo, masu ɗauke da babbar wuta, sa safar hannu ta lantarki, sannan ka zare filogin tsaro na batirin.